Motar wata daga Masaka zuwa Sakatariya: wa ya kamata ya biya, wa ya kamata ya haƙura

Duk wanda ke kwana a Masaka ko Ado ko Mararaba da ke jihar Nasarawa yana aiki a cikin Abuja ya san cewa wahalar hanya ta fi wahalar aikin kansa. Tun bara nake shiga wata mota da mu fasinjojinta muke kira motar wata saboda wata-wata ake biyan kuɗinta, kuma matan unguwarmu sun dame ni da tambaya ko ta ci kuɗin da ake biya. Amsata ita ce ta ci, matuƙar kana zaune daga Masaka zuwa gaba kuma aikinka na ofis ne mai tsayayyen lokacin tashi. Wanda ba haka yake ba, ya saurari sauran bayanin kafin ya tura kuɗinsa.

Wani kamfani ne mai zaman kansa yake da motocin, irin kostar nan mai ɗaukar mutum talatin. Za ka biya naira 30,000 a farkon wata, a ba ka kati mai lambar kujerarka, a saka ka a zauren WhatsApp na motarku. Tana aiki Litinin zuwa Juma'a. Tamu tana tashi daga bakin kasuwar Masaka da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ta tsaya a New Nyanya da Ado da One Man Village da Sharp Corner a Mararaba, daga nan ba ta sake tsayawa sai mahaɗar AYA da ke Asokoro, sai Sakatariyar Tarayya, ta ƙare a kasuwar Wuse. Ni a Sakatariya nake sauka in ƙarasa da ƙafa zuwa ofishin da nake aikin rubutu da ajiye takardu.

Babban abin da kuɗinka ke saya maka shi ne kujera tabbatacciya. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin titin Masaka da duhun asuba ba zai ga kamar wannan ƙaramin abu ne. Kafin in fara shiga motar nan, motocin gida da ma'aikata ke kabu-kabu da su nake bi, biyu a gaba huɗu a baya, naira dubu idan an yi sa'a, idan kuwa hadari ya haɗo direba ya faɗi abin da ya ga dama. Mota na tsayawa mutum goma za su yi kanta, mace mai jaka da mayafi ita ce kullum ta ƙarshe. Ga kuma fargabar 'yan wan-cans, waɗanda za su ɗauke ka kamar fasinja su kwashe wayarka da kuɗin asusunka su wurgo ka daga mota. A motar wata fuskokin da na gani jiya su zan gani yau. Na san direba, ya san ni, maigidana yana da lambarsa. Wannan kwanciyar hankalin kaɗai ya isa in biya.

Direbanmu dattijo ne mutumin Akwanga, ba ya gudu, ba ya bin hannun da ba nasa ba ko da an ga sauran motoci sun haura suna bi. Ya hana wa'azi da tallar magani a cikin mota, na kowane addini da na kowace cuta, kuma kowa ya ji daɗin haka domin yawancinmu barci muke ƙarasawa. Abin da ya ƙara masa daraja a idona ya faru ne da hunturu, lokacin da asuba ke kaiwa har bayan biyar da rabi. Mu Musulmin motar muka shiga tsaka mai wuya: ko ka yi salla mota ta tafi, ko ka bi mota rana ta fito maka a Kugbo, tsakanin Nyanya da AYA. Wani Alhaji da ke aiki a Wuse ya yi masa magana, ya ce, "Baba direba, a taimaka mana da minti goma." Shi kuma ya juya ya tambayi sauran fasinjoji. Wata mata ma'aikaciyar jinya da ke zama kusa da ni ita ta fara cewa a tsaya, ai ba za a rasa minti goma ba. Tun daga ranar, idan lokacin ya zo, yakan tsaya a wani gidan mai da ke da masallaci kafin Ado. Wannan ba ya cikin tsarin kamfani, kirkin direba ne da na mutanen motar, don haka ban san ko sauran motocinsu suna yi ba sai mutum ya tambaya.

Idan an tashi a kan lokaci muna isa Sakatariya kafin bakwai. Duk wanda ya bar Masaka bayan ƙarfe shida kuwa, ya san zai iya shafe awa biyu ko fiye a tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba.

Aibinta da yamma yake. Tana barin Wuse ƙarfe huɗu da rabi, kuma ba ta jiran kowa. Ranar da maigida a ofis ya riƙe ka, ka yi asarar kujerar da ka riga ka biya, ka kuma sake biyan kuɗin wata motar. Na'urar sanyaya mota sunanta kawai ake ji, a watan Maris da Afrilu mutum yana isa gida jiƙe sharkaf. Akwai ranar da ta lalace mana a gangaren Kugbo ana yayyafi. Muka kira lambar ofishinsu ba a ɗauka ba, ba a turo wata motar ba, kowa ya kama gabansa, washegari kuma ko ban haƙuri ba a rubuta a zauren ba, balle a rage mana wani abu. Kamfanin da ke karɓar kuɗin wata gaba ɗaya tun ranar ɗaya ga wata bai kamata ya rasa motar ko-ta-kwana ba. Sannan farashin ɗaya ne ga na Masaka da na Mararaba, alhali na Mararaba rabin tafiyar kawai yake yi. Kuma a tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Masinja ko mai shara da ke karɓar wannan, kusan rabin albashinsa ke nan, shi ya sa ba ka cika ganin irinsu a motar ba. Suna can bakin titi suna jiran manyan bas.

Cunkoson yamma kuma ba laifin kamfani ba ne, kuma a nan ne nake son in ɗan daɗe, domin zaman da nake yi a bakin taga daga Kugbo zuwa Masaka ya sa na fara tunanin abin da ya fi kuɗin mota girma.

Motar tana tsallake iyaka a tsakanin Nyanya da Mararaba, amma idan ba an nuna maka ba ba za ka gane ka bar Babban Birnin Tarayya ka shiga jihar Nasarawa ba. Gini ne manne da gini, shago manne da shago, har ka wuce Masaka ka doshi Kuchikau da Auta Balefi. Duk wannan ƙaramar hukuma ɗaya ce, Karu. Lokacin da gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, wannan yanki ƙauyukan Gbagyi da Gwandara da Gade da Yeskwa ne a cikin tsohuwar jihar Filato. Gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, jihar Nasarawa kuma aka ƙirƙire ta a 1996. Birnin da aka zana bai tanadi wurin kwanan direba da magini da ƙaramin ma'aikaci ba, sai suka gangaro nan inda haya ke da sauƙi kuma mai gona zai yanka maka fili. Rusau ɗin da aka yi zamanin da Nasiru El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo dubban mutane. A 2006 aka hana acaba a tsakiyar birni, a 2013 aka hana ƙananan bas da ake kira araba shiga, kuma kowane mataki ya ƙara wa mai zuwa daga wannan ɓangaren wahala. Bayan bama-baman tashar Nyanya na 2014 aka kafa shingen sojoji a Kugbo, mutane suka riƙa kwana rabin dare a hanya. Sai cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ya sa masu motoci da yawa suka ajiye su a gida. Rabin mutanen motarmu suna da motocin kansu, man zuwa da dawowa ne ya gagare su. Wannan ne ya haifar da kasuwar irin wannan kamfani.

Jirgin ƙasan cikin birni da aka farfaɗo da shi a 2024 yana zuwa filin jirgin sama da Kubwa ta Idu, bai leƙo ɓangarenmu ba. Hanyar Apo zuwa Karshi da za ta rage wa Nyanya nauyi an ba da kwangilarta tun 2011, ta haura shekara goma ba a gama ba. Saboda haka duk wannan al'umma ta hanya ɗaya take shiga, ta hanya ɗaya take fita.

Abuja ta ɗauki falo ta bar wa Nasarawa ɗakin kwana da kwandon shara. Da rana ƙarfinmu da basirarmu suna can, da dare kuma jihar Nasarawa ce za ta ba mu ruwa da makarantar yara da asibiti da 'yan sanda. Dokar harajin albashi ta ce jihar da mutum ke zaune ita ke da harajinsa, amma ofisoshi da yawa a cikin birni suna tura na ma'aikatansu ne ga hukumar harajin Abuja ba tare da duba inda suke kwana ba, kuma gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna kuka a kan haka. Na taɓa tambayar akantan ofishinmu inda nawa ke zuwa, ya ce mini, "Hajiya, ai adireshin ofis muke sawa." Ni kuwa layinmu a Masaka babu kwalta, babu magudanar ruwa, ruwan sha daga 'yan garuwa muke saya. Ina da hujjar in yi fushi da gwamnatin jiha, amma ita ma tana da hujjar ta tambaye ni ina kuɗina.

Duk da haka arzikin da ke wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Maigidana yana sayar da siminti da kwanon rufi a Mararaba, kuma a bakinsa nake jin yadda gini ke tafiya: bana ana kai kaya Kuchikau, baɗi sai ka ji ana kai wa Uke da Gora, har an kusa haɗewa da Keffi. Kasuwar lemo ta Mararaba ita ke ciyar da rabin teburan Asokoro da Maitama da tumatir da albasa da kayan marmari. Gwamnatin Tanko Al-Makura ta gane cewa ƙasa ita ce man fetur ɗin wannan yanki, shi ya sa ta kafa hukumar NAGIS mai rajistar filaye, ta kuma kammala babbar kasuwar zamani a Karu. Jami'ar Bingham tana nan, jami'ar jiha tana Keffi. Jihar da aka sani da doya da riɗi da gishirin Keana da Awe, yanzu babban abin da take da shi na sayarwa shi ne kusancinta da Abuja. Lafiya ce hedikwata, amma tafiyar awa biyu zuwa uku ce daga nan, kuma yawancin mutanen motarmu ba su taɓa taka ta ba. Kamfanin ma da ya tashi tsara hanyoyinsa, duk Abuja suka fuskanta. Babu ko mota ɗaya mai zuwa Keffi, ko da ranar Asabar ce, alhali can ne babban asibitin tarayya mafi kusa da mu a cikin jihar, can 'ya'yanmu ke karatu.

A siyasa abin ya fi fitowa fili. Ƙidayar 2006 ta ba Karu mutum dubu ɗari biyu da 'yan kai, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Duk wanda ya tsaya a kan gadar masu tafiya a ƙafa ta Mararaba da magariba ya san wannan adadi ya zama tarihi. Amma da shi ake lissafi. A majalisar dokokin jiha mai kujeru 24, Karu biyu take da su. Gwamnonin da aka zaɓa tun 1999, Abdullahi Adamu daga Keffi, Aliyu Akwe Doma daga Doma, Al-Makura daga Lafiya, Abdullahi Sule daga Akwanga, babu wanda ya fito daga nan. Sai dai zaɓen 2023 ya nuna abin da ke tafe. Peter Obi na jam'iyyar Labour ne ya ci jihar Nasarawa a zaɓen shugaban ƙasa, a daidai lokacin da shugaban APC na ƙasa ɗan jihar ne, kuma ƙuri'un Karu na cikin waɗanda suka kawo haka. Kujerar sanatan Nasarawa ta Yamma, wadda Karu ke cikinta, ta tafi ga Ahmed Wadada a SDP. Zaɓen gwamna tsakanin Sule na APC da David Ombugadu na PDP sai da ya kai Kotun Ƙoli, ta tabbatar da Sule a Janairun 2024. Jihar da ratar zaɓenta ke da ƙanƙanta haka, unguwanni uku na kan wannan hanya sun isa su juya ta.

Kuma wannan ya faru ne alhali mafi yawan mazauna nan ba su ma fara zaɓe a nan ba. Da aka yi hirar a mota kwanakin baya, sai ga shi wannan katinsa na Kogi, wancan na Binuwai, wani na Kano, wasu kuma a Garki suka yi rajista kusa da ofis, inda babu gwamna da za su zaɓa. Ni na mayar da nawa Masaka a 2022, kuma ina roƙon duk wanda ya gina gida a nan ko yake biyan haya shekara da shekaru ya yi haka. Kansilan da zai gyara kwalbatin layinku ba ya ganin wanda katinsa ke wata jiha.

Amma ina faɗin haka da tsoro a zuciyata, domin ni haifaffiyar Jos ce. Haƙar kuza ce ta tara mutane a Jos daga ko'ina, garin ya bunƙasa, aka yi zaman lafiya shekaru masu yawa, amma ba a taɓa zama an warware maganar waye ɗan ƙasa waye baƙo ba, waye zai yi sarauta waye zai yi shugaban ƙaramar hukuma. Na ga abin da ya biyo baya a 2001, na ga na 2008 wanda ya tashi daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, na ga na 2010. Unguwannin da muka taso a cakuɗe suka rabu gida biyu har yau. Karu tana da duk kayan haɗin: masu ƙasa da suka zama 'yan tsiraru a garinsu, baƙi masu yawa da kuɗi waɗanda 'ya'yansu a nan aka haife su amma ba za a ba su takardar shaidar zama 'yan ƙaramar hukuma ba, da filaye da aka sayar wa mutum biyu ko uku.

Akwai wani dattijo Bagbagyi da ke shiga motarmu a Ado, yana aikin kula da furanni a wata ma'aikata, ɗansa ne ke biya masa. Wata rana muna tsaye a cunkoso ya nuna mini wani gidan mai da jerin shaguna, ya ce, "'Yata, daga nan har bayan wancan benen gonar doyar mahaifina ce." Na ce, "Baba, ku kuka sayar?" Ya ce yayyensa ne suka sayar tun ana ba da kuɗin da bai kai na buhun siminti goma na yanzu ba, kuma yau jikokinsa Hausa da Turancin buroka suke yi, idan ya yi musu yarensu sai su amsa masa da Hausa. Bai faɗa da ɗaci ba, amma ni na ji nauyin maganar. Mu Hausawa muna jin daɗin cewa harshenmu ne na kasuwa da tasha a nan, har Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da shi yake ciniki. Ya kamata mu san cewa wannan yaɗuwar akwai wanda take ci. Esu Karu yana nan a fadarsa, Sarkin Karshi da Sarkin Keffi suna nan, kuma duk wanda ya zo ya zauna a ƙasarsu haƙƙinsa ne ya nemi wakilci, wajibinsa ne kuma ya san a gidan wa ya sauka. Abin da nake so in gani shi ne a ƙara wa yankin mazaɓu daidai da yawan jama'arsa, yadda samun baƙo ba zai zama rashin ɗan gari ba, a kuma yi haka tun ana dariya da juna a mota ɗaya.

Motar ba ta da hannu a wannan duka, amma a cikinta ne kaɗai nake zama kullum da Tibi da Eggon da Igala da Bagbagyi da Bayarabe mu yi maganar abu ɗaya. A zauren WhatsApp ɗinmu aka fara haɗa kuɗin jinyar yaron kwandasta, a nan kuma aka rubuta takardar koke kan kwatar da ta toshe a Ado wadda mutum ashirin da wani abu suka sa wa hannu aka kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Ba a gyara ba tukuna, amma an karɓa an buga hatimi, kuma an ce mu dawo.

Ga mai niyyar shiga: idan a Mararaba ko Nyanya kake, kada ka biya, kuɗin bai yi maka adalci ba, manyan bas sun fi maka. Idan aikinka na canjin lokaci ne kamar asibiti ko otal, ko maigidanka mai riƙe mutane ne bayan huɗu, ka tambaye su ko za su karɓi kuɗin safiya kaɗai, na ji sun fara yarda da hakan a motar Kuchikau. Idan kuwa kana Masaka zuwa gaba, musamman mace, ki biya, ki nemi kujerar ɓangaren hagu saboda ranar yamma ta fi dukan na dama a hanyar dawowa, ki kuma riƙe kuɗin mota ɗaya a jaka saboda ranar da za ta lalace. Mun rubuta wa kamfanin buƙatu uku: motar ko-ta-kwana, mota ta biyu mai tashi ƙarfe shida na yamma, da ta Keffi ranar Asabar. Sun amsa ta ƙarfe shidan kawai, sun ce sai sun sami mutum ashirin da suka yi rajista, kuma zuwa yanzu sunayen da ke takardar ba su kai ba.